Tafiyata Zuwa Dutsen da Ƙanƙara Ta Rufe Ayuba

Ina tsakar gida ina juya cittar da muka shanya sai wayar matata Rifkatu ta yi ƙara a kan turmi. Ranar Talata ce, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Ta ɗauka ta ce, "Halo, 'yata," da muryar da take yi wa matar ɗanmu kaɗai. Ta ɗan saurara. Ta miƙo mini wayar ba ta dube ni ba.

Katarina ce daga Ostiriya. Ta yi Turancinta a hankali domin in gane. Ta ce jiya Ayuba ya hau dutse da abokansa, dusar ƙanƙara ta zaftaro daga sama ta rufe shi. An tono shi, amma rai ya riga ya fita. Na ce mata na gode da ta sanar da mu. Har yau ban san abin da ya sa na faɗi haka ba. Na ajiye wayar na ƙarasa juya cittar, domin hannuna bai san wani abin yi ba.

Shekara guda bayan wannan na je ƙasar. Tun da na dawo Kafanchan ban huta da tambaya ba. A ƙofar coci tambaya, wurin mai shayi tambaya, tsoffin abokan aikina na reluwe kuwa kowa da tasa. Ishaya tela ya tsare ni a bakin shagonsa ya ce, "Dattijo, da gaske ne idan mutum ya tofa yawu a can yana zama dutse kafin ya kai ƙasa?" Na ce ban gwada ba, ba a tofa yawu a titinsu. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, wanda ya tambaya in miƙa masa takarda.

Ayuba shi ne ɗanmu na fari. Nas ne. Ya tafi ƙaro karatu, ya sami aiki a asibitin wani ƙaramin gari cikin duwatsu, ya auri 'yar garin. Can aka binne shi, mu muka kalli jana'iza a waya, gida cike da matan zumuntar coci.

Da Katarina ta aiko da takardar gayyata, mu biyu ta gayyata. Amma gwiwoyin Rifkatu ko kasuwa ba sa kai ta, balle wata ƙasa. Ni kaɗai na nemi biza. Ranar da ta fito, Rifkatu ta zaunar da ni.

"Baban Ayuba, kabari na gan shi a waya. Wurin da ya faɗi nake so ka je."

Na san abin da take nufi. A wurinmu, idan mutum ya mutu a hanya ko a daji, babba daga gidan yana zuwa daidai inda abin ya faru, ya tsaya da ƙafarsa a wurin, ya kira mamacin da sunansa na gida, ya ce masa a tashi a tafi gida. Ba a yin wannan daga nesa, ba a kuma aiken wani bare.

Na ce, "Ni dattijon ikkilisiya ne fa. Idan Fasto ya ji?"

Ta ce, "Faston da ya je Mararaban Rido lokacin da mota ta kashe ƙaninsa? Ka ɗauka sayen masara ya kai shi?"

Na yi mata alkawari.

Daga tashar Kafanchan na shiga motar Abuja, wadda ke bi ta Kwoi. Na sayi wata ƙatuwar rigar sanyi a gwanjo, jaka ta ƙi ɗaukarta, sai na sa ta a jiki. Direba ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Baba, zazzaɓi ne ko kuwa kai ma kaya ne, in ɗaure ka a but?" Kafin mu kai Kwoi na jiƙe sharkaf. Wata mata da ta shigo a can da buhun citta ta ji inda za ni, ta ce in gaida mata Turawa in faɗa musu su daina rage wa citta daraja. Na ce idan na haɗu da mai wannan aikin zan faɗa masa.

Jirgin sama ba ni da abin faɗi a kansa sai dai ƙafata ta kumbura, abincin kuma an raba shi ɗaki ɗaki kamar maganin asibiti. Inda labari yake shi ne wurin shiga ƙasar.

Rifkatu ce ta haɗa mini jaka, ban kuma bincika ba. Ina jan ta sai wani kare mai tsabta ya zo ya zauna kusa da ita, ya ɗaga kai yana duban mai shi. Na ce a raina wannan karen yana da tarbiyya. Ashe ƙarata ya kai. Aka buɗe jakar. Ga acca, ga busasshiyar citta, ga kilishi, ga wani ƙulli a leda uku. Kilishin suka ɗauke, suka ce nama ba ya shiga. Jami'in ya kwance leda ta farko, ya kwance ta biyu, da ya kai ta uku ya ja da baya ya kira abokin aikinsa. Daddawa ce. Na yi bayani iya Turancina, na ce 'ya'yan itace ne, ana sa wa miya. Ya tambaye ni ko ta lalace ne a hanya. Na ce a'a, yanzu ma take da kyau. Suka yi shawara da yarensu, suka mayar mini da ita da sauri.

Wanda ke duba fasfo kuwa, shi na fara gamuwa da shi kafin kaya, ya tambaye ni abin da ya kawo ni. Na ce na zo wurin ɗana. Ya ce ina yake zaune. Na ce a bayan cocin garin yake. Ya dube ni, ya dubi takardar Katarina ya karanta har ƙasa. Ya buga hatimi, ya miƙo mini fasfon da hannu biyu.

Katarina tana jirana a waje. Sau ɗaya na taɓa ganinta ido da ido, lokacin da Ayuba ya kawo ta gida ta sha fama da tuwon acca. Ta durƙusa ta ce, "Sannu da zuwa, Baba," da Hausar da ya koya mata. Mutane suna wucewa suna kallonmu. Na ɗaga ta, muka nufi jirgin ƙasa.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina duba layin dogo, yawanci tsakanin Kafanchan da Manchok. To ku yi mini uzuri. Katarina tana ta cewa, "Baba, dubi duwatsu," ni kuwa idona yana ƙasa, ina kallon tsakuwar layi da yadda aka jera ta kamar da cokali. Jirgin ba ya ko girgiza shayi. A wata tasha muka makara minti huɗu, sai aka yi sanarwa ana ba mu haƙuri. Na yi dariya har wata tsohuwa ta juyo. Na tuna fasinjojin da suka taɓa kwana biyu a tasharmu har suka san sunan masu sayar da doya.

A gidan mahaifin Katarina na sauka. Sunansa Yosef, tsohon kafinta, matarsa ta rasu da daɗewa. Turancinsa kalma ɗaya ce, wadda ke nufin da kyau, ni kuma ba ni da ko ɗaya a yarensa. Duk da haka mun yi hira sosai. Ya nuna mini ɗakina, ya nuna bargo, ya ce da kyau. Da safe na so in sha iska, na murɗa hannun taga, sai ta faɗo mini daga sama ta tsaya a karkace. Na riƙe ta da hannu biyu ina kiran Yosef, ina tunanin kwana ɗaya na yi a gidan suruki na karya masa taga. Ya zo ya ga yadda na tallafe ta kamar jariri, ya yi dariya har ya zauna a bakin gado. Ashe haka aka yi ta.

Abinci kuwa, da safe burodi da cuku, da yamma burodi da cuku da nama mai sanyi. Da rana kaɗai ake kunna wuta. Sun ba ni wani romo da ƙaton dunƙule ɗaya a tsakiya, kamar malmalar tuwo ta faɗa rijiya. Yana da daɗi amma ba ya magana a baki. Na tambayi Katarina ko akwai barkono. Ta tashi ta buɗe kabad, ta daɗe a tsaye, sannan ta kawo wata kwalba. Yajin Rifkatu ne, na gane rubutunta a jikin murfin. Saura rabi. Na zuba kaɗan. Yosef ya miƙo kwanonsa shi ma, ya ɗanɗana, hawaye ya zubo masa, ya ce da kyau.

Ranar Lahadi muka je coci. Ba ganga, ba tafi, cikin awa ɗaya an tashi. Masu gaisuwa suka zo ɗaya bayan ɗaya, kowa ya riƙe hannuna ya faɗi kalma biyu ya wuce. Da farko abin ya yi mini sanyi. A gida mun yi sati uku ba mu ga ƙasan tabarma ba saboda masu zaman makoki. Amma da muka zagaya bayan cocin na ga kabarin a share, ga kyandir yana ci a cikin jan gilashi. Katarina ta ce kullum da safe Yosef yake zuwa da tsintsiya, kyandir kuma ba ta san masu kawo shi ba, sai dai ta tarar an sake. Na gane su ma suna zaman makoki, nasu dai a tsaye ne.

Da yammar ranar Marta ta zo. Gajeruwar mace ce, za ta yi shekara hamsin, rana ta ƙona mata fuska ta bar zagayen tabarau. Aikinta kai mutane kan dutse, tana kuma cikin masu ceto idan ƙanƙara ta rufe wani. Tana cikin waɗanda suka tono Ayuba. Ita za ta kai ni wurin. Ta ce in nuna mata takalmin da zan hau da shi. Na kawo takalmina na roba.

Ta ce, "Da wannan?"

Na ce, "Da shi nake shiga fadama, maciji ma bai taɓa huda shi ba."

Ta ce, "A nan babu maciji. Yatsunka ne za su bar ka." Ta sa Yosef ya ba ni aron nasa. Muka tsayar da Talata.

Ranar Litinin ƙanƙara ta fara sauka. Ba irin ta firij ba ce. Tana saukowa shiru kamar ana tankaɗe gari daga sama, ba tsawa, ba ƙarar kwano. Ta yi Litinin, ta yi Talata, ta yi Laraba, iska kuma tana kaɗa ta gefe guda. Motar Katarina ta ɓace a ƙofar gida. Ni da Yosef muka riƙa fita da shebur muna buɗe hanya, mu shiga mu sha shayi, mu fito mu tarar kamar ba mu yi ba. Ina ƙirga kwanaki, domin ranar Asabar jirgina zai tashi.

Ranar Alhamis na buɗe ido na ga rana. Sama tas, ba gajimare ko ɗaya, duwatsu suna ƙyalli har ido ba ya iya tsayawa a kansu. Na gode wa Ubangiji. Na sa wando uku, na sa rigar gwanjo, na ɗaure takalmin Yosef, na zauna a kicin ina jira. Daga nesa ina jin wani abu yana tashi kamar nakiyar masu fasa dutse. Katarina ta ce da gangan ake tayar da ita a saman hanyoyi, domin ƙanƙarar da ke shirin zubowa ta zubo tun ba kowa a ƙasa.

Marta ta shigo ba jaka a bayanta. Ta ce, "Yau ba za mu je ba."

Na ce, "Ai hadari ya wuce. Dubi rana."

"Ita ce matsalar. Irin wannan ranar ce take fitar da mutane."

A gida idan ruwa ya ɗauke gari ya washe, sai a ɗauki fartanya. Abin da na sani ke nan tun ina yaro. Ta buɗe wayarta ta nuna mini taswira. Ta ce kullum ana fitar da sanarwa, ana auna haɗarin daga ɗaya zuwa biyar, yau yankinsu yana kan huɗu. Ta ce sabuwar ƙanƙara ba ta riga ta kama tsohuwar ba, iska kuma ta kwashe ta daga wannan gefen dutse ta jibge a wancan, daidai gefen da za mu bi.

Na ce, "Gobe fa? Gobe ce ta rage mini."

Ta ce, "Idan ya sauka zuwa uku, zan kai ka iya inda na yarda da shi. Daga can mu tambayi ƙanƙarar."

Ranar Juma'a ya sauka zuwa uku. Muka fita mu uku, ni da Marta da Katarina. Suka ɗaura mini wasu abubuwa masu faɗi a ƙafa kamar faifai, domin kada in nutse. Tafiya da su sai ka buɗe ƙafa kamar mai gwaiwa. Sau biyu na taka ɗaya da ɗaya na kifa, faɗuwar dai ba ciwo, tashin ne aiki. Kafin mu shiga daji Marta ta rataya mini wata 'yar na'ura a ƙirji, cikin riga. Ta ce idan ƙanƙara ta rufe mutum, da ita ake gano inda yake. A jakarta kuma akwai shebur da wata doguwar sanda mai naɗewa ta soka ƙasa.

Na ce, "Ayuba yana da irin wannan?"

Ta ce, "Yana da ita. Da ita muka same shi."

Muka hau ta cikin itatuwa, inda gangaren ba shi da tsanani. Na riƙa magana ƙasa ƙasa, har tari nake dannewa. Marta ta tambaye ni ko maƙogwaro ne. Na ce na ji an ce ƙara tana tayar da ita. Ta yi dariya ta ce, "Yi waƙa ma idan kana so. Ba murya take ji ba, nauyi take ji."

Na lura ita ba ta tafiya kamar mu. Ta yi taku goma ta tsaya. Ta dubi kan tudu inda iska ta gina wa ƙanƙara baki kamar rumfa. Ta soka sandarta ta ji yadda take shiga. Ta nuna mini wani gangare a tsallaken kwari inda wani ƙaton yanki ya yanke ya sauka, ya bar layi a sama kamar an yanka da wuƙa. Ta ce jiya ba ya nan. Ta ce wancan gangaren da namu gabas suke kallo su biyu, tsayinsu ɗaya, iska ɗaya ta same su.

Muna fita daga itatuwa zuwa wani fili shimfiɗaɗɗe, sai na ji ƙasa ta yi wani nishi a ƙarƙashina, wuf, ta ɗan zauna. Wata tsaga ta gudu daga bakin ƙafata ta yi gaba kamar taku biyar. Katarina ta kama hannuna. Marta ta ce kada in ji tsoro, nan fili ne, ba inda za ta zame ta tafi. Amma ta sauke jakarta.

Ta miƙa mini madubin hangen nesa, ta juya kaina da hannunta. Sama da mu akwai wani baƙin dutse, ƙarƙashinsa wani kwari mai kama da kwano. Ta ce can ne, a gindin kwanon. Na duba. Fari ne kawai, sumul, ba ko sawun tsuntsu.

Na ce, "Tafiyar minti nawa ce?"

"Arba'in. Amma sai an ratsa ƙarƙashin wancan gangaren."

Ta ɗauki shebur ta haƙa rami a wani ɗan tudu a gefen filin, wanda yake kallon inda gangaren yake kallo. Zurfinsa ya kai ƙirjinta. Ta gyara bangon ya yi santsi, ta ce in shigo. A jikin bangon na ga layi layi, kowace saukar ƙanƙara da nata. Ta ce in tura hannu. Na sama ya karɓi dunƙulen hannuna. Na ƙasa da shi ya fi tauri, sai yatsa ɗaya. Can ƙasa kuma, wajen gwiwata, akwai wani siririn layi da bai fi faɗin yatsa biyu ba. Na taɓa shi sai ya zubo mini a tafin hannu kamar sukari. Na matse shi, ya ƙi dunƙulewa.

Ta ce, "Duk abin da ke sama a kan wannan yake zaune."

Ta fito da zarto ta yanka ginshiƙi mai faɗin shebur, ta raba shi da sauran ta kowane gefe. Ta ɗora shebur a kansa. Ta ce za ta buga sau goma daga wuyan hannu, sau goma daga gwiwar hannu, sau goma daga kafaɗa. Ta fara, ina ƙirgawa a zuci. Goma na farko suka wuce, na fara jin daɗi. A bugu na biyu daga gwiwar hannu, ginshiƙin ya yanke daidai kan layin sukarin, ya zamo gaba ɗaya kamar an jawo durowa, ya faɗi a ƙafafunmu.

Na ce, "Ki sake. Wataƙila wurin ne."

Ba ta yi musu ba. Ta yanka wani, ta miƙo mini shebur ɗin. Na buga da kaina, ina sassauta hannu, Allah ya gafarta mini. Bai ko kai inda nata ya kai ba.

Na fito daga ramin na ce, "Ku tsaya a nan. Ni kaɗai zan je. Na tsufa, kuma alkawari na yi wa uwarsa."

Marta ta ce, "Baba, idan ta rufe ka, mutum ashirin ne za su hau su neme ka a ƙarƙashin gangaren nan. Ɗaya daga cikinsu ɗana ne."

Abin da ya zo mini shi ne wata damina a wajen Kagoro. An kwana ana ruwa, da safe gari ya washe, layi yana nan miƙe yana ƙyalli. Na bi shi da guduma ina bugawa, a kusa da wata kwalbati ƙarar ta canja. Na leƙa na ga ruwa ya cinye ƙasar da ke ƙarƙashi, layin a kan iska yake. Na kafa jar tuta na tsayar da jirgin Jos. Wani mutum ya sauko da baƙar kwat, ya ce uwarsa za a binne da azahar, ya roƙe ni, ya nuna mini layin ya ce ga shi lafiya lau, daga baya ya zage ni. Ban cire tutar ba. Ban kuma taɓa tuna mutumin ba sai ranar nan, ina tsaye da takalmin aro.

Katarina ta ce, "Baba, ka kira shi daga nan. Ai ana ganin wurin."

Na ce, "Ba a yi daga nesa, 'yata."

Na cire hula na yi addu'a irin ta kullum, su ma suka sunkuyar da kai. Kunnena ya fara zafi saboda sanyi, Marta ta mayar mini da hular da kanta. Ta zuba mana shayi daga fulas, ta rufe ramin da ta haƙa domin kada wani ya faɗa. Ina kallonta tana aikin, wata tambaya ta zo mini har bakin harshe, ko ranar da Ayuba ya hau an haƙa irin wannan ramin, ko kuwa rana suka gani. Na dubi Katarina, na haɗiye ta. Muka juyo. A gangarowa na kifa sau ɗaya kawai, Marta ta ce na fara ƙwarewa.

Da na iso gida mutane sun cika tsakar gida, ana ta sannu da hanya. Na raba alewa, na ba da labarin kare da daddawa har sau uku. Rifkatu tana gefe tana jira, sai da na ƙarshe ya fita ta tambaye ni.

"Ka kira shi?"

Na ce, "Ban kai wurin ba. Na gan shi da idona, ban taka shi ba."

Na faɗa mata komai, ramin, layin sukarin, da abin da Marta ta ce game da ɗanta. Ta saurara har ƙarshe tana murza gwiwarta.

Ta ce, "Matar ta yi daidai." Can kuma ta ce, "Yaushe abin yake narkewa?"

"Ta ce a watan bakwai wurin ciyawa ne, har shanu suna kiwo."

"Watan bakwai ana tsakiyar aikin citta."

"Na sani."

"Za a sami mai yi."

Katarina ta ce za ta sake aiko da takarda. Ba ta iso ba tukuna. Ayuba yana can, ba a kira shi ba.